Yadda Gasar Saƙar Zuci Ta Shiga Intanet A Kanada

A watan Oktoba na shekarar 1995, daidai lokacin da sanyi ya fara kankama a ƙasar Kanada, kamfanin giya na Molson ya buɗe wa jama'a wata gasa a intanet wadda ba a gumi a cikinta, ba a kuma karya haƙori. Gasa ce ta ƙwallon gora na kan ƙanƙara, amma wanda ya shige ta ba ya ko taɓa gora. Aikinsa shi ne ya zaɓi sunayen 'yan wasa na gaske, ya haɗa su ƙungiya guda a zuci, sa'an nan ya zura ido ya ga abin da za su yi a fili. In sun ci, shi ma ya ci. In ɗayansu ya kwanta ciwo, asarar tasa ce. Wannan ita ce gasar saƙar zuci, kuma ta Molson tana cikin na farko-farko da aka gudanar a intanet.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san wasan kansa. Ana yin sa ne a kan daskararren ruwa, 'yan wasa suna sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, suna sulɓi a guje, suna kora wani ɗan baƙin faifan roba da gora mai lanƙwasa. Mutum shida-shida ne a fili, har da mai tsaron gida, kuma zango uku ake yi, kowanne minti 20. A birnin Montreal aka yi wasa na farko mai tsari a cikin ɗaki a 1875, a nan kuma aka kafa babbar gasar NHL a 1917. A 1994 majalisar Kanada ta yi doka cewa shi ne wasan ƙasa na lokacin sanyi, ko da yake jama'a ba su jira doka ba kafin su ɗauke shi haka.

Abin da ya sa wasan ya dace da saƙar zuci shi ne yadda ake lissafinsa. Duk ƙwallon da ya shiga raga, ana rubuta maki ɗaya ga wanda ya ci, ana kuma rubuta maki ɗaya-ɗaya ga abokan wasansa, har mutum biyu, waɗanda suka miƙa masa. Watau ci guda yana iya haifar da maki uku. Washegari jaridu su buga komi dalla-dalla. Saboda haka tun kafin a san intanet, ma'aikata a ofisoshi da masana'antun Kanada sukan taru a farkon kaka, su yi zaɓen 'yan wasa bi da bi, kowa ya sa 'yan kuɗi kaɗan, wanda mutanensa suka fi tara maki a ƙarshe ya kwashe. A shekarun 1980 har sai da wasu rukunai suka hana a zaɓi Wayne Gretzky, ko kuma suka raba shi gida biyu, wani ya ɗauki cinsa, wani ya ɗauki miƙawarsa. Dalili kuwa, a kakar 1985 zuwa 1986 ya tara maki 215, kuma 163 da ya samu ta miƙawa kaɗai sun fi dukan makin wanda ya zo na biyu. Duk wanda ya same shi ɗungum, gasa ta ƙare tun ba a fara ba.

Ba a Kanada kaɗai ake wannan ba. A Amurka wani ɗan kasuwa mai suna Wilfred Winkenbach ya tsara irinta ga ƙwallon ƙasarsu a 1962, sa'an nan a 1980 marubuci Daniel Okrent da abokansa suka tsara ta wasan besbol a wani gidan abinci a New York.

To, amma duk waɗannan suna da matsala guda, ita ce akawu. Dole a sami mutum ɗaya a cikin rukuni wanda zai yarda ya riƙa yanke shafin jarida, ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya da fensir, ya tara, ya buga a keken rubutu, ya manna a bango ko ya aika ta gidan waya. Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe littafin adashin ofis ya san irin wannan aiki: ba lada, ba godiya, ga zargi in an sami kuskuren lamba ɗaya. Galibi mako-mako ake fitar da sakamako, kuma rukuni da yawa kan watse ne ranar da akawu ya gaji ko aka yi masa canjin wurin aiki. Har ila yau, ba ka yin gasar sai da wanda ka sani ido da ido.

Wannan aikin ne kwamfuta ta karɓa a 1995. Mutum ya yi rajista, a haɗa shi da waɗanda bai taɓa gani ba, alƙaluman NHL su riƙa shigowa da kansu. Kada mai karatu ya auna da intanet na yau. A lokacin, da layin tarho na gida ake shiga, na'ura ta yi ta ƙara kafin ta kama, hoto guda ya ɗauki lokaci yana saukowa, kuma muddin mutum yana ciki ba wanda zai iya kiran gidan. Duk da haka, abin da a da ake jira kwana bakwai ya koma abin dubawa da safe kafin a tafi aiki. A ganina nan ne canjin yake, domin wanda yake duba maki kullum ba ya kallon wasa yadda yake kallonsa a da.

Kakar da aka fara da ita kuwa ba ta zo da sauƙi ba. Ƙungiyoyi 26 ne a NHL a lokacin, kowacce da wasa 82, alhali kakar da ta gabata wasa 48 kawai aka yi saboda rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa. Alƙaluman bara ke nan ba su cika ba, ga kuma babbar tambaya a gaban duk mai zaɓe: Mario Lemieux na Pittsburgh. Ba wanda ke musun gwanintarsa. Amma a Janairun 1993 an gano yana da ciwon daji, ga ciwon baya mai tsanani. A kakar 1993 zuwa 1994 wasa 22 kaɗai ya yi, ta bayanta kuwa bai taka ƙanƙara ba ko sau ɗaya. Ka zaɓe shi, wataƙila ka yi asarar zaɓinka na farko a kan mai jinya. Ka bar shi, wani ya ɗauka. Gaba kura, baya sayaki. Waɗanda suka rufe ido suka ɗauke shi su suka dara. Wasa 70 ya yi, ya ci 69, ya miƙa 92, jimla maki 161. Abokin wasansa Jaromir Jagr, mutumin ƙasar Cek, ya bi shi da 149, sai Joe Sakic da 120. Pittsburgh ba ta ci kofi ba a shekarar, amma wannan bai dami mai saƙar zuci ba ko kaɗan, tun da shi mutane ya saya, ba gari ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, domin a daidai wannan kaka ne Kanada take rasa ƙungiyoyinta. Ana biyan 'yan wasa da dalar Amurka, ana karɓar kuɗin ƙofa da dalar Kanada, wadda a lokacin ba ta kai kashi uku cikin huɗu na ta Amurka ba. Ƙananan birane suka kasa. A watan Mayu na 1995 aka sayar da ƙungiyar Nordiques ta birnin Quebec, aka kwashe ta zuwa Denver a Amurka, aka raɗa mata suna Colorado Avalanche. Mutanen Quebec sun yi shekaru suna haƙuri da ita tana ƙarshen tebur, suna kallon yadda ake tara matasa irin su Sakic da Peter Forsberg. Da itacen ya fara 'ya'ya sai aka tumɓuke shi. Winnipeg ma ta yi kakar ne tana sane cewa ita ce ta ƙarshe, kuma a 1996 ƙungiyarta ta koma Phoenix. Mutumin Quebec da ya shiga gasar saƙar zuci a watan Oktoba yana iya riƙe Sakic a takardarsa, yana murna da kowane ci nasa, alhali cin na wani gari ne. Ko wannan magani ne, ko ƙarin gishiri a miki, ya danganta da wanda ka tambaya.

Sai kuma abin da ya faru da Patrick Roy, mai tsaron gidan Montreal Canadiens, ƙungiyar da Molson ɗin ce ma take da ita a lokacin. Ran 2 ga Disamba 1995, Detroit ta zo Montreal ta ci 11 da 1. Mai horar da ƙungiyar, Mario Tremblay, ya bar Roy a raga har aka zura masa tara kafin ya fitar da shi, abin da ake ɗauka wulaƙanci ne ga babban gola. Yana fitowa ya wuce wurin shugaban ƙungiyar ya shaida masa cewa ya gama yi wa Montreal wasa. Bayan kwana huɗu aka sayar da shi ga Colorado. Ga magoya bayan Montreal abin kamar rasuwa ne. Ga wanda yake da Roy a takarda kuwa, dare guda ne mai muni, sa'an nan garaɓasa, don golansa ya bar ƙungiya mai tangal-tangal ya koma mai ƙarfi. Mutum ɗaya yana iya zama duka biyun, kuma a Montreal ba za a rasa irinsu ba. Haka ma da aka mayar da Gretzky daga Los Angeles zuwa St. Louis a Fabrairun 1996, tambayar mai takarda ita ce wa zai riƙa miƙa wa yanzu.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. A rukunai da dama na irin wannan gasa, mintocin horo da alƙali ke ba ɗan wasa, biyu ga ƙaramin laifi, biyar ga dambe, ana lissafa su ne a matsayin riba. Watau abin da ke cutar ƙungiyar gaske yana ƙara wa ta zuci maki, har a ga malami kamili yana addu'ar ɗan wasansa ya kai wa wani naushi.

Bayan wannan kaka abin ya bazu. Kafin shekarar 2000 manyan kamfanoni irin su Yahoo sun shiga suna ba da gasar kyauta, kuma gasar saƙar zuci ta Firimiyar Ingila, wadda samarinmu ke yi a waya, jikanyar wannan tsari ce. Winnipeg ta sake samun ƙungiya a 2011.

Galibin irin waɗannan gasa suna rufe littafi ne a watan Afrilu, in wasanni 82 sun cika, don haka abin da ya biyo baya a 1996 ba ya cikin lissafin. Colorado ta fitar da Detroit, wadda ta ci wasa 62 a kakar, sa'an nan ta haɗu da Florida a karon ƙarshe ta cinye wasa huɗu a jere. A na huɗun, ran 10 ga Yuni, sai da aka yi ƙarin lokaci har sau uku kafin a sami ci ɗaya tilo, Roy kuwa ya tare harbi 63 ba wanda ya wuce shi. Sakic ne ya ɗaga Kofin Stanley, shekara guda bayan barinsa Quebec, aka kuma yi bikin a titunan Denver. Birnin Quebec ya gina sabon zauren wasa mai ɗaukar mutum fiye da 18,000 a 2015, ya nemi a ba shi ƙungiya. A 2016 NHL ta ba Las Vegas, ta ce wa Quebec ta dakata.