Yadda fure ke samun sabon launi

A shekarar 2020 wani kamfanin ƙasar Japan mai suna Nintendo ya fito da wani wasa da ake kira Animal Crossing: New Horizons. A cikinsa mai wasa yana da garka bisa wani tsibiri. Yana shuka furanni, yana ba su ruwa, abokansa kuma suna iya ziyartarsa ta intanet. Idan ya shuka jan fure kusa da mai ruwan ɗorawa, wata rana sai ɗan fure mai ruwan lemo ya tsiro kusa da su.

Wasa ne, amma dokar da aka gina shi a kanta gaskiya ce. Ita ce ke aiki a garake da gonaki. Sabon launi yana fitowa ta hanya biyu: ko ta barbara, ko ta sauyin ƙwayar gado.

1. Tsiro ma yana da uwa da uba

Masu dabino na In Gall da na Abzin sun daɗe da sanin wannan. Akwai dabino namiji, akwai dabino mace. Idan lokaci ya yi, mai garka yakan yanko furen namiji, ya hau mace, ya ɗaura shi cikin furenta. Garin da ke zuba daga furen namiji shi ne ke sa mace ta yi ƴaƴa. Wannan ita ce barbara. A wasu tsirrai iska ce ke ɗaukar garin, a wasu kuma ƙudan zuma.

Cikin garin fure da cikin ƙwan fure akwai wasu abubuwa ƙanana da ido ba ya gani. Su ne ƙwayoyin gado. Su ke sa yakuwa ta fito ja ko fara, su ke ba albasar Galmi launinta.

2. Gwajin Mendel

Gregor Mendel malamin addinin Kirista ne a garin Brno, cikin ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta gwaji da wani irin waken Turai da Faransawa ke kira petit pois. Ya ɗauki garin fure mai launin shunayya, ya sa wa farin fure. Da ya shuka irin da ya samu, duk tsirran suka yi fure shunayya. Fari ya ɓace.

Mendel ya bar waɗannan tsirrai suka yi iri, ya sake shukawa. Sai ga fari ya dawo! Ya ƙidaya tsirrai 929: guda 705 masu shunayya, guda 224 masu fari. Wato cikin kowane huɗu, uku shunayya, ɗaya fari.

Ga dalili. Kowane tsiro yana da ƙwayar launi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar shunayya tana da rinjaye. Idan ta haɗu da ta fari, ita ake gani, ta fari kuwa sai ta ɓuya. Farin fure ba ya fitowa sai tsiro ya gaji fari daga uwa, ya kuma gaji fari daga uba. Mendel ya buga sakamakon aikinsa a 1866.

Saboda haka barbara ba ta ƙirƙiro sabuwar ƙwaya. Tana haɗa waɗanda ke akwai ne, tana fito da abin da ke ɓoye. Haka furannin wancan wasa suke aiki.

3. Daga ina fari na farko ya fito?

Ƙwayar gado kamar rubutu take. An rubuta ta da haruffa huɗu kawai: A, C, G, T. Duk lokacin da tsiro ke girma, ana kwafe wannan rubutu sau da yawa. Jefi-jefi akan yi kuskure, harafi ɗaya ya canza. Wannan shi ne sauyin ƙwayar gado. Idan ya faru cikin garin fure ko cikin ƙwai, ƴaƴa za su gaje shi.

A 2010 masana suka gano asirin farin furen Mendel. Harafi ɗaya ne ya canza, G ya koma A, sai tsiron ya kasa yin launi.

4. Tururin da ba a gani

Sauyi yakan faru da kansa, amma akwai abin da ke ƙara yawansa. A 1896 wani Bafaranshe, Henri Becquerel, ya gano cewa uraniyom yana fitar da wani tururi. Ba a ganinsa, ba a jin warinsa, amma yana ratsa takarda. A 1927 Hermann Muller na Amurka ya haska wa ƙananan ƙudaje hasken da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai sauyi ya yawaita cikin ƴaƴansu. A 1928 Lewis Stadler ya nuna haka ga sha'ir da masara. Wannan haske da tururin uraniyom dangi ne: dukansu suna iya lalata rubutun gado.

Yau masana suna amfani da wannan sani. A garin Seibersdorf na ƙasar Ostiriya akwai ɗakin bincike na hukumar makamashin nukiliya ta duniya da hukumar abinci ta duniya. Ƙasashe suna aika iri can. Ana haska masa tururi gwargwado, cikin ɗaki mai kaurin bango, ba kowa a ciki. Sa'an nan a shuka dubban tsirrai. Yawancinsu ba su da amfani: wasu ba su tsira, wasu su tsumbure. Cikin dubu akan dace da ɗaya mai jure fari, ko mai saurin nuna, ko mai fure na daban. Shi ake zaɓa, a yi shekaru ana gwada shi. Ta wannan hanya an samu iri fiye da 3,000 a duniya, har da shinkafa, alkama da furanni. Tsiron da ya fito daga irin nan ba ya fitar da tururi.

5. Darasi ga yaran Arlit

Arlit tana arewa da Agadas, tafiyar kilomita wajen 240. An soma haƙar uraniyom a can a 1971. A Akokan an soma a 1978, aka rufe ramin a 2021. Bayan an tace uraniyom, sauran ƙasar da aka tara tsibi-tsibi tana ci gaba da fitar da tururi, da wata iska mai suna radon. Shaƙar radon shekara da shekaru yana iya kawo ciwon daji na huhu.

Jikin mutum ma yana da ƙwayoyin gado. Tururi makaho ne, ba ya zaɓen inda zai taɓa, ɓarnarsa kuma ta fi gyaransa yawa. Mai bincike yana iya zubar da tsirrai dubu ya riƙe ɗaya. Mutum kuwa jiki ɗaya gare shi.

A 2003 masu bincike sun sami tsofaffin ƙarafa masu tururi a kasuwar Arlit. A 2009 an sami duwatsu masu tururi a wasu titunan Akokan. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana faɗakar da jama'a a kan wannan. Yaro mai hankali ba ya wasa kusa da tsibin ƙasar ma'adinai. Ba ya kawo dutse ko ƙarfe daga can zuwa gida. Ɗora iri bisa irin wannan dutse ba zai ba shi sabon fure ba, cuta kawai zai jawo. Wanda ke son sabon launi, ga hanyar Mendel: barbara, ƙidaya da haƙuri.

Sababbin kalmomi

Ƙwayar gado: le gène
Sauyin ƙwayar gado: la mutation
Garin fure: le pollen
Tururi: le rayonnement

Tambayoyi

1. Me ya sa farin fure ya ɓace, sa'an nan ya dawo?
2. Mene ne bambancin barbara da sauyin ƙwayar gado?
3. Don me masana ke shuka dubban tsirrai bayan sun haska iri?

Aiki

A samo ƙwarya biyu. Cikin kowace a zuba jan wake 50 da farin wake 50, a gauraya. Ɗalibi ya rufe ido, ya ɗauki ɗaya daga kowace ƙwarya. A rubuta launinsu bisa allo, a mayar da su. A yi haka sau 100. Sau nawa fari ya haɗu da fari? A gwada da lissafin Mendel.