Yadda Sashe Na 188 Ya Hana Tsige Gwamna A Lafiya

'Yan Arewa mazauna Legas da Ibadan da Anaca, musamman 'yan Jihar Nasarawa, ba za su manta da damunar 2014 ba, sa'ad da garin Lafiya ya ɗauki zafi a kan batun tsige Gwamna Umaru Tanko Al-Makura.

Asalin maganar shi ne, Gwamnan ɗan jam'iyyar APC ne, Majalisar Dokokin jihar kuwa mai wakilai 24 tana hannun PDP. A watan Yuli wakilai 20 suka sa hannu a takardar tuhumarsa da laifuffuka 16. A watan ne kuma aka tsige Gwamna Murtala Nyako na Adamawa, saboda haka mutane da dama suka ɗauka ta faru ta ƙare. Magoya bayansa suka fito titunan Lafiya suna zanga-zanga.

To, amma tsarin mulkin 1999 bai bar wa 'yan majalisa wuƙa da nama ba. Sashe na 188 ya ce sai Babban Jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai, ban da ma'aikacin gwamnati ko ɗan majalisa ko ɗan wata jam'iyya, su bincika tuhumar. In kwamitin ya ce laifi bai tabbata ba, magana ta mutu ke nan.

Babban Joji Suleiman Dikko ya naɗa kwamitin. 'Yan majalisa suka ce ba su yarda da waɗansu daga cikinsu ba, suka nemi a rushe shi, Jojin bai rushe ba. Da ba su kawo hujja gaban kwamitin ba, sai ya yi watsi da tuhumar a watan Agusta. Al-Makura ya sake cin zaɓe a 2015, ya yi mulki har 2019.

Dattawa za su tuna yadda majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Alhaji Balarabe Musa na PRP a watan Yuni 1981. A tsarin mulkin 1979, Kakakin majalisa ne ke naɗa kwamitin, watau masu ƙara su ne masu zaɓen masu bincike.

Ba a ce sashen garkuwa ne ga kowane Gwamna ba, domin bai ceci Nyako ba. Amma a Lafiya jama'a sun ga yadda layi guda a cikin kundin ke iya kare ƙuri'arsu. Duk lokacin da aka taso da batun gyara shi, ya kamata mutanenmu na kurmi su kasa kunne.