Sau Nawa, Ninki Nawa? Tarkon Ƙidaya Tsakanin Ingilishi da Hausa

Ɗalibin harshe da ya taso a Kona, cikin ƙaramar hukumar Jalingo ta Jihar Taraba, yakan zama tafinta tun kafin ya kammala karatu. Jukunawan Kona suna da harshensu na Jiba, ga Mumuye da Fulani kowa da nasa, amma da Hausa ake ciniki a kasuwa, Ingilishi kuwa shi ne a kan kwalin magani da takardar albashi da shafin jarida. Wannan maƙala za ta duba wasu 'yan kalmomin Ingilishi masu nuna yawan aukuwa da maimaitawa da ninki. Kalmomi ne ƙanana da ake koyo tun a firamare, shi ya sa ake raina su, alhali kuskure a cikinsu yakan canza adadi gaba ɗaya.

Mu fara da mai sauƙi. Hausa tana da kalma ɗaya, "sau", wadda ake jingina wa kowace lamba: sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Ingilishi ya ware kalmomi na musamman ga ukun farko, wato "once" da "twice" da "thrice", daga huɗu kuma sai ya koma ga "times". A Ingila da Amurka "thrice" ta tsufa, "three times" ake cewa, amma a Nijeriya da Indiya tana nan da ranta. A kuma bambanta "sau" da "karo". "Three times" sau uku ke nan, "the third time" kuwa karo na uku.

Inda abin ke fara rikicewa shi ne wajen tazara. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem ana shan sa "twice daily" har kwana uku, wato sau biyu a rana, jimla sha shida. Wanda ya ga lambar biyu kawai ya ce wa mara lafiya "duk bayan kwana biyu" ya fassara "every two days" ne, kuma ya lalata maganin. Balle ma "kwana biyu" a bakin Bahaushe ba lallai ne ya zama biyu ba, tunda mukan ce wa wanda muka yi wata ba mu gani ba, "Kwana biyu!" Saboda haka a irin wannan wuri gara a warware zancen, a ce yau a sha, gobe a huta, jibi a sha. Wannan ita ce ma'anar "every other day". Kalmar "biweekly" kuwa su kansu masu harshen ba su daidaita a kanta ba, domin ƙamus yana ba ta ma'ana biyu: sau biyu a mako, da kuma sau ɗaya a mako biyu. Haka nan "biannual" sau biyu a shekara ce, "biennial" kuma sau ɗaya a shekara biyu.

Sai "again". Nan Hausa ta fi Ingilishi tantancewa, don tana da "sake" da "ƙara". Ka ce wa mai shayi ya ƙara maka, zai zuba maka wani a kan wanda ka sha. Ka ce ya sake maka, to na farkon bai yi ba ke nan. Mai fassara ba zai san wadda zai ɗauka ba sai ya dubi muhallin zancen. Har ila yau, ɗan Nijeriya kan ce "I don't want it again" yana nufin ba ya so kuma, inda Bature zai ce "any more". Akwai kuma "severally", wadda a Ingilishin lauyoyi take nufin kowa daban, mu kuwa muke nufin sau da yawa. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da wannan ma'ana tamu cikin jerin kalmomin Ingilishin Nijeriya, tare da "okada" da "Kannywood". Duk da haka, wanda ya ci karo da ita a takardar yarjejeniya ya riƙe ma'anar lauyoyi.

Babban tarkon dai yana wajen kwatance. Jihar Taraba tana da ƙananan hukumomi 16, Bayelsa tana da 8. Bature zai ce Taraba tana da "twice as many", mu ce ta ninka Bayelsa, ko tana da ninki biyu. Ba gardama. Yanzu a ɗauki Kano mai 44 da Gombe mai 11. "Four times as many" daidai ne, don 11 sau huɗu 44 ne. To, idan aka ce "four times more" fa? Mafi yawan masu magana da Ingilishi 44 ɗin suke nufi. Amma masu tsantseni sun ce "more" tana nuni ne ga abin da aka ɗora a kan na asali, don haka 11 da ƙarin 44 zai ba da 55. A lissafinsu Kano ta fi Gombe da 33, wato "three times more". Mai karatu ya ga yadda jimla biyu, ɗaya da uku ɗaya da huɗu, suke bayyana abu guda, kowace da masu kare ta. A ganina, ɗalibi ya riƙe "times as many" ko "times as much" in yana rubutu, ya bar "times more" ga hirar baka.

Kada mu ɗauka Hausa ta tsira. Asalin "ninka" daga naɗe tufa ko takarda ne. Wanda ya ninke takarda sau uku, falle takwas zai samu, ba uku ba. Amma idan ɗan jarida ya ce farashin masara "ya ninka sau uku", yana nufin mudun da ake saye naira ɗari ya koma ɗari uku. Wani mai sauraren kuma zai lissafa ɗari huɗu, yana ganin ninki uku aka ɗora a kan na da. "Ya kai ninki uku na farashin da" ta fi fita sarai. Ita kuwa "three times less", wadda 'yan talla suke ƙauna, bai kamata a ce mata "ya ragu sau uku" ba, tunda hakan na nufin raguwar ta auku har sau uku. Muna da rabi da sulusi da rubu'i, sai a ce ya koma sulusin yadda yake.

Misalin da ya shafi aljihun ma'aikaci shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa. An mayar da shi naira 30,000 a 2019, sannan naira 70,000 a 2024. Sabon ya kai ninki biyu da sulusi na tsohon, amma ƙarin da aka yi naira 40,000 ne, wato kimanin kashi 133 cikin 100. Wanda ya rubuta cewa an ƙara kashi 233 cikin 100 ya haɗa "increased to" da "increased by", ya yi wa ma'aikaci alkawarin naira dubu ɗari. Hausa tana da nata maganin wannan: "ya ƙaru zuwa" daban, "ya ƙaru da" daban. Duk inda mai fassara ya ga "times more" ko "times less" a labarin da zai karanta a rediyo, ya nemi lambobin biyu na asali, ya faɗe su ƙarara: daga 30,000 zuwa 70,000.