Babi na Bakwai: Manhajar Kyauta da Sharuɗɗan Kasuwanci da Ita

Mai shagon cajin waya a Maruda, da mai POS a kasuwar Kalgo, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, duk suna taɓa Linux kullum ko ba su san sunansa ba. Kowace wayar Android, Tecno ce ko Infinix, a kansa aka gina ta. Linus Torvalds, ɗalibi ɗan ƙasar Finland, ya fara rubuta shi a 1991, a 1992 kuma ya sa shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya tsara a 1989.

Wannan lasisi bai hana kowa neman kuɗi ba. Mai gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi zai iya zuba Ubuntu, wani nau'in Linux, a kwamfutoci ɗari, ya karɓi ladan aikinsa, ko ya sayar da shi a faifai a farashin da ya ga dama. Kamfanin Red Hat da hidimar Linux ya yi arziki, har IBM ya saye shi a 2019 a kan dala biliyan 34.

Sharaɗin yana wajen rabawa. Wanda ya gyara manhajar don amfanin ofishinsa kawai, babu wanda ke bin sa bashi. Amma da zarar ya sayar ko ya ba wani, tilas ya haɗa da asalin rubutun manhajar, har da gyaran da ya yi, ya bar sunayen marubuta yadda suke, kuma kada ya hana mai saye kwafa. Mutanen Gwandu ba baƙin wannan tsari ba ne. Magabata sun kwafi littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da tawada da alƙalami, hannu zuwa hannu, ba wanda ya goge sunan mawallafi, ba wanda ya hana na gaba kwafa.

Masu karya sharaɗin sun sha kunya. A 2003 aka gano cewa na'urar raba intanet ta Linksys, samfurin WRT54G, da Linux take aiki, kamfanin kuwa ya ɓoye rubutun. Da matsin lamba ya yi yawa sai ya sake shi, daga nan aka samu OpenWrt, manhajar da masu irin waɗannan na'urori ke amfani da ita har yau. A 2006 wata kotu a Frankfurt ta Jamus ta samu kamfanin D-Link da irin wannan laifi.

Suna da tambari kuwa dabam suke. Sunan Linux mallakar Torvalds ne, Ubuntu na kamfanin Canonical ne. Wanda ya sauya Ubuntu yana son sayarwa, sai ya cire tambarin ya raɗa wa kayansa suna, ko ya nemi izini. Haka ma Play Store da ke cikin wayoyin Maruda: na Google ne, kamfanin waya sai da yarjejeniya yake saka shi.