Tukunyar Unguwa: Yadda Mutanen Alela da Kewayenta Ke Girmama Mai Ciyar da Yara

Duk wanda ya zaga ƙasar nan da ta taso daga Alela, yamma da Birnin Konni, ta bi ta Tsarnawa da Malbaza har Galmi, sa'an nan ta miƙa arewa wajen Illela da Badagishiri, in dai cikin kaka ya yi tafiyarsa, ya ga dammunan hatsi jibge a bakin rumbuna, ya ga kwarin Magiya ya yi shar da shuka, ya ga manyan motoci suna jiran lodin albasar Galmi wadda sunanta ya kai har Abijan, lalle zai zaci yunwa ba ta taɓa kwana a wannan ƙasa ba. Amma fa wanda ya komo cikin watan Yuli ko Agusta, sa'ad da hatsin bara ya ƙare na bana kuwa bai nuna ba, tiya ta yi tsada a kasuwa, magidanta da dama da suka tafi bida Nijeriya ko Libiya ko bakin teku ba su aiko ba tukuna, shi ne zai ga ɗayar fuskar ƙasar, ya kuma ga wani aiki da ba a rubuta shi a littafin kowace hukuma ba, alhali kuwa rayukan yara masu yawa sun rataya a kansa.

A unguwannin bayan gari, inda talakawa da baƙi da matan da mazansu suka rasu suka fi zama, da wuya a rasa gida ɗaya wanda yara suka san hanyarsa ba tare da an nuna musu ba. Galibi mai gidan nan mace ce da ta manyanta, ko mai tuyar ƙosai, ko mai sayar da hura, ko ungozoma wadda rabin yaran unguwa a hannunta suka faɗo duniya. Ba sarki ya naɗa ta ba, ba ta kuma da albashi wurin kowa. Abin yakan fara ne da yaro ɗaya na maƙwabta wanda ya tsaya bakin zaure yana kallon kasko, ta miƙa masa. Gobe ya zo da ƙanensa, jibi ƙanen ya zo da abokinsa, kafin damina ta raba tsakiya ta ga tukunyar da take girki da ita ta yi kaɗan, ta aika a aro mata babba, aron da ba a mayarwa har abada.

Aikinta yana farawa tun assalatu. Da an sallame Asuba za a ji sautin turmi, 'yan matan unguwa biyu ko uku sun zo taya ta surfe, a wanke, a tace gasara, a dama kunu da tsamiya, in an sami ƙuli-ƙuli a daka a zuba, domin ta sani, ko da ba ta yi lakwal ba, cewa kunu tsura cika ciki yake yi ba ya gina jiki. Rabo kuwa yana da ƙa'idarsa wadda ba a ƙetarewa. Yayayyu, watau waɗanda aka cire daga nono kwanan nan, su ake fara ba, don su ne tamowa ta fi saurin kamawa. Bayansu sai 'yan shekara huɗu da biyar. Sa'an nan almajirai da manyan yara, waɗanda sukan zauna su biyar ko shida a kan kwano guda, a wanke hannu, a yi Bisimilla, babba ya lura kada mai saurin loma ya zalunci mai sanyin hannu. Da dare, in an kwashe tuwo, ba a kankare ƙanzo a zubar, sai a jiƙa shi a ajiye saboda wanda zai yi sallama bayan Lisha.

Wurin da na fi ganin hikimar matan nan shi ne yadda suke tsare mutuncin wanda suke ciyarwa, gama a ƙasar Hausa kunya takan hana mutum abin da yunwa ta wajabta masa. Akwai gidajen da uwa za ta kwana 2 ba ta hura wuta ba, amma ta ɗora tukunya da ruwa tsura don kada maƙwabta su gane, ta kuma hana 'ya'yanta fita da ƙwarya. Mai tukunyar unguwa ta san irin waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuwa taɓa aika musu abinci da sunan sadaka. Sai duhu ya yi ta rufe akushi da faifai, ta ce da yarinya, “Kai wa ɗiyata, ki ce ta ɗanɗana mini miyag ga, ko gishiri ya ji.” Ko kuwa ta kira yaron gidan ta aike shi rijiya da ɗan tulu, in ya komo ta cika masa ƙwarya da hura, ya sha yana ganin ladan aikinsa ya ci. Ba ta tambayar yaro ɗan wane ne, Bahaushe ne ko Buzu ko Bafillace, ɗan gari ne ko wanda rikicin kan iyaka ya koro iyayensa. In wata ta yi gangancin yi wa yaro gori a kan abin da ya ci, ranar za ta ji faɗan da ba ta taɓa ji ba.

Mai karatu zai ce, ina mace ɗaya talaka ta sami hatsin da za ta riƙe yara 20 ko 30 har wata 3? Amsa ita ce tukunyar a gidanta take, amma abin da ke ciki na jama'a ne, kuma shari'a da al'ada sun haɗu sun haƙa masa hanyoyin da yake bi ya iso gare ta. Malamai suna karantar da cewa hatsin da ya kai nisabi, watau awsuƙi 5, ana fitar da ushirinsa in da ruwan sama aka noma shi, rabin ushiri kuwa in da wahalar ban ruwa ne. Manomi a nan yakan ware dami 1 cikin 10 tun a gona, kuma mai hankali cikinsu yakan tuna da gidan da yara ke taruwa. Ga zakkar fid da kai, mudun Annabi 4 a kan kowane rai, a ƙarshen azumi. Ga kaffara, wadda ta rantsuwa ciyar da miskinai 10 ce, ta karya azumi da gangan kuwa 60, mai neman sauke nauyi kuwa ba ya samun miskinai a tare kamar a ƙofarta. Ga gumba da masa na sadakar uku da bakwai da arba'in, ga naman layya, ga mahauci da ke aiko ƙashi ranar kasuwa, ga mai lambu da ke ba da gabu da zogale, ga ɗan bida da ya ci tuwonta yana yaro, ya aiko jikka 5 daga Legas ya ce a kai wa Inna. Abin da ya rage bayan wannan duka, daga ribar ƙosanta da hatsin gamanarta yake fita, shi ne kuma kason da ba wanda ya san yawansa sai Allah.

Ba banza ba al'adar ta yi saiwa haka. Mutanen Adar da Konni suna ƙidayar shekarunsu da yunwa kamar yadda wasu ke ƙidaya da sarakuna: ta 1913 zuwa 1914 wadda ake kira Kakalaba, ta ɓarnar fara a 1931, ta 1973 zuwa 1974 wadda a cikinta Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, da ta 1984 wadda aka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, abin da ya ƙuntata wa mutanen Konni ƙwarai, su da kasuwar Illela ta Sakkwato ke bakin ƙofarsu. Tsofaffi sun san yadda ake jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki har ɗacinsu ya fita, da yadda ake tafasa jiga da tafasa da yaɗiya, da yadda ake sussuke ƙarangiya, da tonon gidan tururuwa don ƙwayar da ta ɓoye. Matar da ta ga wannan da idonta tana yarinya, ko ta binne ƙanenta a cikinsa, ba ta bukatar wa'azi kafin ta buɗe ƙofa.

Shekarar 2005, bayan ɓarnar fara da ƙarancin ruwa na 2004, ta kawo sabon salo. Ƙungiyoyin agaji suka shigo jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram, Médecins Sans Frontières kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar cikin shekarar, aka san kullun gyaɗar nan na Plumpy'nut a ƙauyuka, a 2006 kuma gwamnati ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Daga nan aka fara horar da 'yan sa kai na gari, aka ba su ɗan zaren awon damtse mai launi uku, wanda in ya nuna ja, watau ƙasa da milimita 115, ba sauran jira sai likita. Da masu shirin suka nemi matan da za su koya wa 'yan uwansu dama kunu mai gina jiki da abin da ke cikin gari, sau da yawa matan nan ne jama'a suka nuna. Yau za ka tarad da tsohuwa da ludayi a hannun dama, zaren awo a ɗaure a bakin zane, in ta ga ƙafar yaro ta kumbura ta tisa uwarsa gaba zuwa likitar gari, ko Konni, ko asibitin Galmi wanda ke nan tun 1950.

To, yaya jama'a ke saka wa irin wannan mace? Da fari dai da suna. Ba mai kiran sunanta na yanka, Inna ce, ko Uwar Marayu, ko Uwar Almajirai, magidanci mai gemu yakan tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, “Inna, ina kwana, ina gajiyar ɗawainiya?” ita kuwa ta amsa, “Ɗawainiya ta Allah ce, ɗana.” In an yi haihuwa a gidan da ta taɓa rufa wa asiri, aka sami mace, sai a yi mata takwara, ranar suna maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, ta kawo ɗan kunne da sabulu tana share hawaye da gefen mayafi. Da ruwa ya sauka samarin unguwa sukan yi mata gayya, su nome gamanarta kafin rana ta take, bayan damina su yaɓe katangar da ta zube. Matan adashi sukan ba ta ɗauka ta fari. Da Salla a haɗa a saya mata turmin zane, liman ya sa ta cikin addu'a bayan an sauko daga idi, in kuma rigima ta tashi tsakanin kishiyoyi ko maƙwabta, maganarta ta fi ta mai unguwa saurin kashe wuta, gama wanda ya ci abincinka yana yaro ba ya iya ɗaga ido ya musa maka.

Wannan girmamawa tana da asali biyu. Na ɗaya na gargajiya ne: a ƙasashen Hausa na Nijar, musamman Gobir da Katsinar Maraɗi, a da ba a zama sarkin noma sai an yi bikin dubu, a tara dami 1,000 a rabar, mace kuwa ba ta zama tambara sai ta yi kan ƙwarya ta watsar da dukiya a bainar jama'a, watau ɗaukaka a wurin mutanen nan tana ga abin da ya fita hannunka. Na biyu na addini ne. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, takan naɗa mata shugabanni, watau jaji, ta ɗora musu malfa da jan ƙyalle, su jagoranci 'yan taru, watau ɗalibanta mata, daga ƙauyuka, su zo da sadakar hatsi da mai da zuma a raba wa mabukata. Mai tukunyar unguwa ta gaji gidajen biyu, sai dai ita ba ta da dubun da za ta rabar a yini ɗaya, kullum da ɗan abin da ya samu take yi.

A nan ne malamai sukan yi saɓani. Wasu suna ganin bai kamata a yabi mai sadaka a gabanta ba, don tsoron riya wadda ke cinye lada, suna kafa hujja da falalar sadakar ɓoye. Wasu kuwa suna cewa godiya ga mai ihsani wajibi ce, bayyana aikin alheri kuma yana sa a yi koyi. Matan da kansu sun fi karkata ga na farko, shi ya sa in an kira taro a ƙofar mai gari, aka kafa rumfa da lasifika don a miƙa wa ɗayarsu takardar yabo, za ka ga ta sunkuyar da kai, in an matsa mata ta yi magana ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ba ni da komi, jama'a ke badawa ni ke dahwawa.” Ni ina tare da masu cewa a yi yabon, a kuma yi shi a fili, domin 'yan mata masu tasowa su ga cewa wannan ma hanya ce ta samun daraja. Amma raina yana ɓaci in na ga an kashe kuɗin buhu 3 na hatsi a hayar kujeru da lemo, baƙi sun watse, an bar tsohuwa da takarda a hannu da rumbu wayam. Taron da aka yi cikin kaka, kowane gida ya zo da daminsa ko tiyarsa aka zuba mata a rumbu a gaban shaidu, aka sa mutum biyu amintattu su riƙa duba abin da ya rage duk wata har ruwa ya ɗauke, shi ne ya dace da aikinta.

Ranar da irin wannan mace ta rasu, makarantun allo na unguwa sukan tashi, almajirai su yi mata saukar Alƙur'ani ba tare da an roƙe su ba, mutanen da suka zama direbobi da malaman lakwal da 'yan kasuwa su zo daga Tawa da Yamai da Sakkwato, kowa yana faɗin shekarar da ya ci daga hannunta. Bayan sadakar arba'in kuwa dattawan mata sukan zauna a kan maganar tukunya, don ba ta shiga rabon gado, tun da asalinta aro ce. Wani lokaci sarakuwarta ko 'yarta ta karɓa, wani lokaci maƙwabciyar da ta daɗe tana taya ta surfe. Akan kuma yi rashin sa'a a rasa mai ɗauka, sai yara su rarrabu cikin gidaje, liman ya yi ta tunatarwa ranar Juma'a har Allah ya fito da wata.