Kilematis Da Ledar Da Ake Naɗa Mata Da Hunturu

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa da hunturu, irin su Ingila, Jamus da Kanada, akwai maganar da ta zauna a bakin masu lambun gida: wai kilematis, shukar nan mai yaɗo da ke hawa katanga ta lulluɓe ta da furanni, ba ta jure sanyi. Saboda haka da Nuwamba ta kama sai a naɗe ta da leda daga gindi har sama, ko a kai ta ɗaki. Ina ganin girman masu yin haka, don tausayi ne ya sa su. Duk wanda ya ga kilematis a Janairu, ganye ya kakkaɓe, rassa sun bushe kamar tsohuwar igiya, zai ɗauka ta mutu. Barci take yi, kuma ledar nan ta fi sanyin yi mata illa.

A duba asalinta. Nau'in alpina daga tsaunukan Alps ya fito, macropetala kuwa daga arewacin Sin da Siberiya. Jackmanii mai shunayyar fure, wadda gidan George Jackman na garin Woking a Ingila ya fitar a 1862, ana shuka ta har a wuraren da sanyi ke kaiwa digiri 30 ƙasa da sifiri, kuma kowace shekara tana sake tohowa.

Abin da ya fi kashe kilematis shi ne ruwan da ke kwanciya a gindinta. A ƙasa mai laka, ruwan hunturu ba ya tsanewa, saiwa ta jiƙa wata da watanni har ta ruɓe. Leda tana ƙara tsananta wannan. Da rana ta ɗan leƙo sai cikin ledar ya yi zufa, ka ga ɗigon ruwa na gangarowa a jikinta, da dare kuma zufar ta daskare a kan reshe. Ɗumin ya yaudari toho ya fito tun lokacinsa bai yi ba, fumfuna ta kama wuyan shukar. Ɗaki mai ɗumi ma haka yake yi: ya tashe ta daga barci, ta fitar da siraran rassa farare marasa ƙarfi.

Gindi ake tsarewa. A zuba ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8, ba tare da ya taɓa karan ba. Nau'o'i masu manyan furanni kuma tun wajen dashe ake ɗan nutsar da su ƙasa, ta yadda ko sanyi ya cinye sama, idon da ke binne zai sake tsirowa.

Sai dai masu naɗewa ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba, kuma dole a faɗa. Kilematis da ke cikin tukunya tana cikin haɗari na haƙiƙa, domin sanyi na shigar saiwarta ta kowane gefe. Nan ma tukunyar ake naɗewa da buhun algarara, a ɗora ta kan bulo don ruwa ya tsiyaye, a matsar da ita jikin bango. Armandii, 'yar ƙasar Sin da ba ta zubar da ganye, iska mai sanyi na ƙona ta, tana buƙatar lungu. Montana kuwa, mai yin fure a Mayu, sanyin ƙarshe na daren Afirilu kan lalata mata ƙullin fure. A irin wannan daren a yafa mata yadi shara-shara wanda iska ke ratsawa, a yaye da safe. Kada kuma a datse ta da sunan kariya, don a kan rassan bara take fure. Jackmanii ce ake sarewa a Fabrairu, a bar mata kamar santimita 30 daga ƙasa.