Shari'ar da Majalisa Ta Kashe

A daminar 1957, 'yan watanni bayan Gana ta sami 'yancin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta ba dattawan zango biyu takardar kora: Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan. Aka ce baƙi ne, kuma zamansu ba alheri ba ne ga ƙasa. Amma kowa a zango ya san inda gizo ke saƙa. Jiga-jigai ne a jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta yi ƙarfi a zangunan Akra da Kumasi, ta kuma haɗa kai da 'yan adawa ƙarƙashin Dokta Kofi Busia.

Alhazan suka garzaya kotu. Hujjarsu ɗaya ce: su 'yan ƙasa ne, a Gana aka yanke musu cibiya, kuma dokar kora ba ta hawa kan ɗan ƙasa. Da gwamnati ta ga shari'a za ta ja, sai ta koma majalisa a Akra. A watan Agusta aka zartar da doka ta musamman, sunayen mutanen biyu a rubuce a kanta, wadda ta halatta fitar da su, ta kuma soke ƙarar da ke gaban alƙali. Aka tasa ƙeyarsu zuwa Nijeriya ba tare da kotu ta ce ga asalinsu ba. 'Yan adawa suka yi ta kururuwar zalunci.

Kwanci tashi, Busia ya zama Firayim Minista a 1969. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya nemo ta ko ya tattara nasa ya nasa. A zangunan Akra irin su Nima da Maamobi da Sabon Zango, mutanen da ba su san wani gida ba sai nan suka karyar da gadaje da kekunan ɗinki, suka ɗaure tabarmi da tukwane a saman manyan motoci, suka nufi kan iyaka. Dubban ɗaruruwa ne suka fita, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da sauransu.

Alhazan 1957 dai sun samu sun shigar da ƙara kafin a rufe musu ƙofa. Yawancin mutanen 1969 ko harabar kotu ba su taka ba, kuma wanda ya kore su shi ne jagoran masu kururuwar jiya.